Agogo a Hannun Barde: Wane Kuskure Ne Ke Ɓata Fim Ɗin Tarihi?

Wane irin kuskure ne ke ɓata fim ɗin tarihi, wanne ne kuma za a yi dariya a wuce? Tambayar ke nan da ke tasowa duk lokacin da aka saki fim na zamanin da, ko na Kannywood ne, ko na Kudu, ko na Turkiyya da ake juyawa zuwa Hausa. Kafin a kwana biyu an yanko hoto, an zagaye wani abu da jan layi, an watsa a Facebook da TikTok. Ga barde da agogo a hannu, ga butar roba a bayan sarki, ga wayar lantarki ta ratsa saman garin da aka ce na shekara ɗari biyu da suka wuce ne. Sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce 'yan fim ba su san tarihi ba, a hana su taɓa shi. Wasu su ce ai fim ne, ba darasi ba, mai son tarihi ya nufi jami'a.

A nan Sakkwato maganar ta fi zafi, don tarihin da ake taɓawa ba na nesa ba ne. Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na tsakiyar gari, ƙabarin Sarkin Musulmi Bello na Wurno, kufan Alƙalawa na ƙasar Sabon Birni, jikokin waɗanda suka gwabza ta kowane ɓangare kuma kasuwa ɗaya suke ci. Abin da ke dagula muhawarar shi ne ana haɗa abubuwa uku mabambanta a kira su duka kuskure, alhali sanadinsu daban, illarsu ma daban. Kuma a ganina, wanda aka fi yi wa dariya shi ne mafi ƙarancin ɓarna.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne wanda 'yan fim ke kira kwantiniti, wato saɓanin da ke shiga tsakanin ɗauka da ɗauka. Jarumi ya shiga zaure da takobi a hagu, ya fito da shi a dama. Wannan babu ruwansa da tarihi, fim ɗin soyayya da aka ɗauka jiya a Mabera ma yana iya faɗawa ciki.

Na biyu shi ne abu ya bayyana a zamanin da ba nasa ba, ko kaya, ko kuɗi, ko magana, ko ma tunani. Wani lokaci tsautsayi ne, kamar motar ma'aikata da ta leƙo ta gefen hoto. Wani lokaci rashin bincike ne: da hannu aka kawo abin aka ajiye gaban kamara, ba wanda ya san bai kamata ya kasance a wurin ba.

Na uku a wajen mai fim ba kuskure ba ne, zaɓi ne. Ya san yadda abin ya faru, ya sauya shi don labari ya yi armashi, ko don kada ya taɓa wani. Ya haɗe mutum uku su zama ɗaya, ya matse shekara goma ta koma damina ɗaya, ya tsallake abin da ke da nauyin faɗa. Mai irin wannan ba a tuhumarsa da jahilci, ana tambayarsa ne dalili.

Yadda rawani ke sauya naɗi ana tsakiyar magana

Mai kallo yana bin fim daga farko zuwa ƙarshe, sai ya ɗauka haka aka ɗauke shi. Ba haka ba ne. Ana ɗauka ne bisa samuwar wuri da samuwar 'yan wasa. In an samu aron wani tsohon zaure na kwana biyu, duk fitowar da ta shafi zauren nan, ta farkon labari da ta ƙarshensa, a cikin kwana biyun za a gama ta. In babban jarumi zai wuce Kano gobe, ana iya ɗaukar mutuwarsa da safe, aurensa da yamma.

Sannan fitowa ɗaya ba sau ɗaya ake ɗaukarta ba. A ce ana son nuna manzo ya kawo wa hakimi wasiƙa, maganar da ba ta wuce minti biyu ba a fim, kamara kuma ɗaya ce. Da hantsi a ɗauke su daga nesa, su da fadawa. A juya kamara a ɗauki fuskar hakimi, ya maimaita maganarsa tun daga farko. A sake juyawa a ɗauki manzo. A ɗauki hannu yana miƙa takarda. Kafin a kai nan an kira azahar. Hakimi ya kwance rawani ya yi alwala, an sake naɗa masa, jelar da ke kafaɗar dama ta koma hagu, amawalin da ya rufe baki ya sauka haɓa. Furar da ke ƙwarya a gabansa wani yaron lokeshan ya rage mata hanya. Inuwar da ke kwance a ƙofar zaure ta matsa. Dokin manzo, mai shi ya zo ya tafi da abinsa don lokacin haya ya cika, an kawo wani mai farin goshi. A ɗakin tacewa edita zai yayyanka waɗannan ya jera su daƙiƙa uku-uku, sai mai kallo ya ga jelar rawani na tsalle daga kafaɗa zuwa kafaɗa, fura na raguwa tana ƙaruwa.

Akwai wanda aikinsa ke nan kacokan: ya zauna kusa da darakta da littafi, ya rubuta wane hannu aka miƙa, ya ɗauki hoton kowane naɗi da kowace ƙwarya kafin a tashi. A manyan masana'antu sana'a ce mai zaman kanta. A wajenmu sau da yawa yaro ne da aka haɗa wa wannan da riƙon allo da sayo ruwa. In ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yallaɓai, ɗazun jelar a dama take," amsar da zai samu ba ta wuce, "Bar shi, rana za ta faɗi, ba mai lura." Ga kuma finafinai masu dogon zango da ake ɗauka wata da watanni: a shiga ɗaki ana kore shar, a fito cikin hazon hunturu, lallen amarya ya kama jiya, yau ya koɗe, gobe ya dawo.

Irin wannan yana fitar da mutum daga cikin labari, ya tuna masa wasa ake yi. Amma ba ya koya wa kowa ƙarya. Kuma kuɗi ba sa maganinsa gaba ɗaya. A 2019 an ga kofin gahawa na takarda ajiye a kan teburin sarauta a cikin Game of Thrones, ɗaya daga cikin shirye-shiryen da aka fi kashe wa kuɗi a duniya, sai daga baya aka goge shi da kwamfuta. A Gladiator na 2000, keken yaƙi ya kife a filin wasan Rum, tukunyar gas da aka ɓoye a bayansa ta bayyana sarai.

Abin da ya riga zamaninsa

Nan ne bincike ke shigowa. Fim ɗin Braveheart na 1995 ya sa mayaƙan Sikotlan na ƙarni na 13 cikin tufafin da ba a fara sawa ba sai bayan kusan shekara ɗari uku, ya kuma nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 a fili fetal, babu gada. A Titanic na 1997 jarumin yana ba da labarin kamun kifi a wani tafki na Amurka da ba a samar ba sai 1917, shekara biyar bayan nutsewar jirgin.

Namu sun fi waɗannan sauƙin kamawa ga wanda ya san shekaru. Fim ɗin da aka ce zamanin Sardauna ne, wanda aka kashe a Janairun 1966, in aka ƙirga naira a ciki an yi kuskure, don naira ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 1973. Kafin nan fam ne da sule da sisi da taro da kwabo da anini, kafin su kuma wuri. Motoci a hannun hagu suke tafiya har zuwa Afrilun 1972. Jihar Sakkwato ba ta wanzu ba sai 1976. Daga 1967 Jihar Arewa maso Yamma ce, kafin nan kuma Lardin Sakkwato, da Razdan da Di'o da 'yan dokan En'e. Takardar naira ashirin mai hoton Murtala ta 1977 ce, ta dubu ɗaya ta 2005. Ko taken ƙasa tarko ne: wanda ake rerawa yanzu shi ne na 1960 zuwa 1978, aka dawo da shi a 2024, don haka ya dace da fim ɗin 1965, bai dace da na zamanin Shagari ba. Wanda kuma ya nuna ɗan Sakkwato ya hau jirgin ƙasa a garinsu ya ƙirƙiro abin da bai taɓa faruwa ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, a nan ya tsaya.

Akwai guda ɗaya da kusan ba mai lura da shi, kuma ya cika hoto: dogon yaro. Itacen da muke fakewa a inuwarsa daga Gawon Nama har Rijiyar Ɗorowa ɗan ƙasar Indiya ne, a ƙarni na 20 ya shigo ƙasar nan, zamanin Turawa. Duk fim ɗin jihadi da aka zaunar da malami da almajiransa a gindinsa, an zaunar da su a inuwar da ba su taɓa gani ba. Nasu kuka ce da gawo da tsamiya da giginya da goriba. Haka rufin kwano, haka bulon siminti (masana'antar Kalambaina ma ta shekarun 1960 ce), haka kwanon samira a madadin akushi, haka lasifika a saman masallaci.

Harshe ma yana da zamaninsa. Cewa mutanen Gobir da Sakkwato su yi magana da Kanancin yau a madadin "munka tahi" da "sunka zaka", ana iya ɗaga wa mai fim ƙafa, don yana neman kasuwa har Gana da Sudan. Amma kwamandan 1804 ya ce "sojojina", ko "ku ba ni minti biyar", ko "na ba da oda", wannan agogo ne a baki. Dakaru gare shi da barade da 'yan baka, lokacinsa kuma hantsi ne da la'asar da almuru.

Abin da ake zaton kuskure ne, alhali ba shi ba ne

Masu jan layi ma suna zamewa, kuma zamewarsu ta fi ba ni haushi, don tana fitowa ne daga zaton cewa kakanninmu ba su san komai ba sai ƙwarya da bante. Lokacin da Bature Clapperton ya zo wajen Sarkin Musulmi Bello a Maris 1824, cikin kyautar da ya kawo har da madubin hangen nesa da na'urar gano alƙibla. A zuwansa na biyu, wanda a cikinsa ya rasu a nan Sakkwato a 1827, ya kawo littafin lissafi na Yuklid da Larabci. Barth, Bajamushen da ya shiga kasuwar Kano a 1851 kuma ya iso wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya lissafa abin da ya gani ana sayarwa: yadin Manchesta, ruwan takobi na Solingen a Jamus, duwatsun ado na Italiya, madubi, allura, sukari, da takarda mai tambarin wata uku, wadda malamanmu suka rubuta littattafansu a kai.

Saboda haka madubi a ɗakin matar attajiri a 1850 ba kuskure ba ne. Bindiga ma ba kuskure ba ce, akwai ta, sai dai kaɗan ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kuskuren shi ne a ba kowane dakare ɗaya, ko a sa ta yi harbi goma a jere.

Kuskuren da ba a zagaye shi da jan layi

Ga inda nake ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Duk wanda zai shirya fim a kan farkon daular Usmaniyya, abin da ya sani da idonsa shi ne hawan salla. Don haka abin da yake haya ke nan: shadda mai sheƙi da aikin keke, alkyabba mai zaren zinari, dawakai cikin kwalliya, laima, kakaki da algaita. Ya kawo su ya ɗora wa jama'ar Shehu. Hoton zai yi kyau, ba agogo, ba buta, ba wanda zai yanko shi ya yi dariya. Amma ya juya tarihin a kai.

Jama'ar da ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 malamai ne da ɗalibai da makiyaya da manoma. A Tafkin Kwatto, cikin Yunin shekarar, rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta dawakinta 'yan kaɗan ne, ana ambaton kamar ashirin. Masu lifidi da yawan dawaki su ne rundunar Sarkin Gobir Yunfa, kwari da baka ne suka yi aiki a wannan rana. In fim ya sa ɓangarorin biyu cikin sulke da lifidi iri ɗaya, ya share abin da ya sa ake tuna yaƙin. Bayan haka, ado da alfarmar sarauta suna cikin abubuwan da aka yi tawayen dominsu. A Kitabul Farƙ, Shehu ya jera halayen sarakunan lokacin da yake suka, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Abdullahi kuwa da ya ga 'yan uwansa sun fara karkata ga tufafi masu tsada da dawakan sukuwa a gari da tara ƙwaraƙwarai, ransa ya ɓaci har ya bar su ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, kuma ya rubuta kukansa a Tazyinul Waraƙat. Mutumin da ya yi fushi saboda riga, a sa masa rigar da ta fi ta kowa walƙiya?

Muna ma da shaidar gani da ido. Clapperton ya kwatanta Bello a ganinsu na farko, shekara ashirin bayan hijira, daula ta kafu: zaune a kan ɗan ƙaramin kilishi tsakanin ginshiƙai biyu, da rigar auduga shuɗiya mai haske, da farin rawani wanda ya ja ya rufe hanci da baki irin na Buzaye. Shi ke nan. Wannan kayan ya fi shadda arha nesa ba kusa ba, abin da ke nuna matsalar ba kullum ta kuɗi ba ce.

Garin ma haka. Ba a yi jihadi daga fadar Sakkwato ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa, bai dawo nan ba sai 1815, ya rasu a 1817.

Sai mata. Hijabin da aka ɗinka mai zagaye fuska, wanda ya zama ruwan dare yanzu, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 ya yaɗu. Ba wai kafin nan ba a rufe jiki ba, Shehu ya yi wa'azi a kan haka sosai, amma da zane da mayafi ake yi. Jajin 'yan taru, matan da Nana Asma'u ta naɗa su kai karatu ƙauyuka, alamarsu malfa ce da jan ƙyalle. Malfa, hular kaba mai faɗi, a kan mace malama. Mai fim da ya sa musu hijabin kanti ya yi asarar hoton da ya fi kowanne jan ido a labarin, ya kuma ɓoye wa 'yan matan yau wani abu game da kakanninsu.

Mafi haɗari shi ne yadda ake nuna ɗaya ɓangaren. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa Gobirawa cikin warki da layu da tulun giya, kamar ba su taɓa jin kiran salla ba. Amma Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa sallar idi a Magami wajen 1788, Shehu na cikinsu, inda Shehun ya ƙi karɓar kyauta ya nemi a bar shi ya yi wa'azi a kuma sauƙaƙa wa talakawa. Musuluncin sarakunan da aka yaƙa shi ne ainihin abin da aka yi muhawara a kai a lokacin, har Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi ta musayar wasiƙu. Kuma jama'ar Shehu ba ƙabila ɗaya ba ce, akwai Hausawa irin su Malam Abdussalami na Gimbana, akwai Buzaye. Fim ɗin da ya raba sahu biyu da ƙabila, waɗannan farare masu carbi, waɗancan baƙaƙe masu tsafi, faɗan Facebook na bana ya ɗauko ya kai 1804. Haka wanda ya juya abin ta ɗaya fuskar, ya mai da jihadin mamayar baƙi kawai.

Bauta kuma yawanci tsallake ta ake yi, kamar rinji da kasuwar bayi ba su taɓa wanzuwa ba. Ba mu kaɗai ba ne: The Woman King na 2022 ya sha suka kan yadda ya sassauta hannun masarautar Dahomey a cinikin bayi. Abin lura shi ne fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai ji tsoron maganar ba, a kanta ma aka gina labarin.

Me ya sa abin ke maimaituwa

Kannywood, tun daga Turmin Danya a 1990, a kan labarin zamani ta girma: falo, mota, jarumi ya zo da kayansa daga gida. Ba ta gina sashen tufafi ko ma'ajiyar kayan da ba, don ba ta buƙace su ba. Ranar da aka tashi yin fim ɗin tarihi sai a nufi masu hayar kayan hawa, abin da ke hannunsu kuwa na bana ne.

Wurin ɗauka ma ya yi wuya. Ƙauyen da babu kwano, babu turken lantarki, babu eriyar waya a nesa, babu leda maƙale a ƙaya, sai an yi tafiya. Wuraren da suka fi dacewa, irin su kufan Surame a ƙasar Binji ko yankin Gudu da Sabon Birni, rashin tsaro ya sa ba kowa ke yarda ya kai ma'aikata da kamara can ba. Sai a tsaya a bayan gari a yi ta kaucewa da kamara.

Sannan littattafan da ke ɗauke da bayanin da Larabci suke, ko Fulatanci da Hausar ajami, ko Turancin malaman jami'a. Marubucin fim da aka ba mako uku ba zai bi su ba. Su kansu littattafan ba kullum suke jituwa ba. Sarauniya Amina, wadda fim ɗinta na 2021 da aka yi da Turanci ya jawo ƙorafi a Arewa kan tufafi da al'ada, Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin Zazzau kuma sun kawo ta ƙarni na 16. Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisur, amma a taƙaice. A irin wannan wuri mai fim dole ya zaɓa, dole kuma ya cike giɓi da tunaninsa. Abin da ba dole ba shi ne ya cike shi da al'adun wata ƙasa.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare 'yan fim suna da gaskiya a abu biyu. Babu fim ɗin da zai ɗauki shekara goma sha uku, daga Gudu zuwa rasuwar Shehu, ba tare da matsewa da haɗewa ba. Kuma in aka ce sai wanda ba zai yi kuskure ba zai taɓa tarihi, to ba wanda zai taɓa, yaranmu su ci gaba da sanin Ertugrul na fim ɗin Turkiyya fiye da Kanta na Kabi. Inda hujjarsu ke raunana shi ne in sun kira rashin bincike fasaha. Wanda ya sauya abu yana sane zai iya faɗar dalilinsa. Wanda ya sa dogon yaro a Degel bai zaɓi komai ba.

Masu suka kuma suna da gaskiya cewa akwai mutanen da ba a wasa da su, kuma a garin nan mutane da yawa ba za su lamunci ɗan wasa ya fito a matsayin Shehu ba ko da kayan sun yi daidai. Wannan yana da mafita da aka gwada: fim ɗin Ar-Risala na 1976 ya ba da labarin farkon Musulunci ba tare da ya nuna Manzon Allah (SAW) ba ko sau ɗaya. Inda masu suka ke wuce gona da iri shi ne in sun ɗauki abin da suka saba gani a fada yau a matsayin ma'auni. Da yawansu da za a nuna musu Bello cikin rigar audugar da Clapperton ya gani, cewa za su yi an ƙasƙantar da shi.

Abin da ya shafi mai kallo

Gani ya kori ji. Yaron da ya ji labarin Tafkin Kwatto a aji na minti arba'in, ya kuma kalle shi a waya sau biyar da kiɗa da ƙura, na wayar zai riƙe. Shaidar hakan na yawo a intanet tun kafin a yi wani fim: hotunan da ake rabawa ana cewa na Shehu ne. An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a 1839, shekara ashirin da biyu bayan rasuwar Shehu, biyu bayan ta Bello. Babu hoton ko ɗayansu, kuma ba za a samu ba. Duk da haka ana bugawa a kalanda, yanzu kuma ga na kwamfuta da ake ƙirƙira cikin minti ɗaya, da shadda da komai.

Illar ba ta tsaya a jarrabawa ba. A lokacin da maganar Bahaushe da Bafillace ta zama abin hura wuta, daga Isa har Tangaza, ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa talatin da aka yanko daga fim yana iya zama hujja a hannun wanda ke neman hujja. Ba zai ce fim ne ba, cewa zai yi ga abin da aka yi wa kakanninmu.

Hukumomin tace finafinai, ta tarayya da aka kafa a 1993 da ta Kano ta 2001, idonsu ya fi karkata ga tarbiyya da addini da tsaro, ba su ne za su duba ko an fara saƙa wane zane a wace shekara ba. Wannan aikin na furodusa ne, kuma a Sakkwato bai da uzurin nisa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu na cikin gari da rubuce-rubuce da makamai da kayan da, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da sashen tarihi, Gidan Arewa na Kaduna. A ba malami ɗaya rubutun labarin ya karanta kafin a fara ɗauka, a kira tsohon maɗinki ɗaya ya duba riguna, kuɗin ba zai kai hayar dawakan yini guda ba. Abin da aka sauya da gangan kuma a rubuta shi a farkon fim a fili: an haɗe wane da wane, wannan fitowar ƙirƙira ce, ainihin shekarar kaza ce. Darakta James Cameron, da wani masanin taurari ya nuna masa cewa taurarin da ya sa a daren nutsewar Titanic ba su ne na wannan dare ba, ya gyara su a fitowar 2012. Namu da ake ɗorawa a YouTube kashi-kashi ma sun fi sauƙi, kuskuren kashi na uku ana iya faɗarsa a farkon na huɗu.